Jarkar Ruwan da Ya Huce

Harra ta Gabas, Madina
9 Rajab 1446

Alhaji Haladu,

Assalamu alaikum. Ina gaida iyali.

Ka daina kiran jawwal ɗina, ba zan ɗaga ba. Sanyi ya dawo, shekara ta zagayo tun ranar da ka bar ni a kan dutse, kuma har yau ban ji komai daga bakinka ba sai "ya jiki".

Kai ka kawo maganar marmaron ruwan zafi da ke cikin duwatsun yamma, ka ce zai warware mini gwiwa. Ka san ina da ciwon sukari. Muka bar mota a ƙasa, surukinka Walid yana gaba, iska tana yankan kunne. Dutse ya huda takalmina ya tsaga mini tafin ƙafa, na zauna na ce, "Ku wuce, ba komai, zan jira." Walid haihuwar nan ne, ya ce tayyib ya ammi, wato "to, kawu", ya yi gaba. Ban ga laifinsa ba. Amma kai a Damagaram aka yanke maka cibiya. Ka san kara nake yi. Ka san idan mutum ya ce a wuce, zama ake yi da shi.

Sai bayan la'asar kuka sauko, fuskarku tana sheƙi, ni kuwa ƙafar ta daina jin komai.

Wassalam,
Zakiru

Uhudu
12 Rajab

Malam Zakiru, aminina,

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Takardarka ta same ni a shago, sai da na maimaita karatunta, don rubutunku na 'yan jami'a sai a hankali.

Haba Malam. Ba kai ne kullum kake gyara mana zance ba, kana cewa mutum ya faɗi abin da yake nufi? Ni ma da ciwon bayana na hau, ga tururin ruwan muna hangowa. Mun shiga, mun ɗan jima, ban musa ba. Amma ai na ciko maka jarka guda, na sauko da ita a kafaɗata. Duk zuwan da na yi gidanka, maiɗakinka Azumi cewa take kana barci, jarkar kuma tana bayan ƙofa ba ka taɓa ba.

Ka fito ran Juma'a mu taka zuwa Harami kamar da. Walid ya ce bana ma mu koma, zai goya ka in ta kama.

Naka har kullum,
Haladu

Harra ta Gabas
14 Rajab

Haladu,

Salam. Ga jarkarka nan na mayar. Ruwan ya huce tun kafin ka iso da shi inda nake.

Kafin ka bi Walid sai da ka waiwayo ka dube ni. Na ga ka gane.

Ba zan taka zuwa Harami ba. Ciwon bai warke ba. A farkon watan nan aka yanke ƙafar, daga ƙasan gwiwa.

Ka huta lafiya,
Zakiru