Safar da Ba Ta Kwaso Yashi Ba

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Ina fata kina lafiya, da Malam da yara. Yaya ƙafar Baba? Mu nan unguwar Madinat Nasr sai godiya.

Maganar 'yarki Rumaisa ce. Sau uku ke nan tana zuwa Iskandariyya, wai a makaranta an ba su bincike kan tarihin bakin teku, yadda da kowa ke shiga, yanzu an katange wurare da yawa. Bayanin kam tana zuba shi kamar hadda.

Sai dai ni nake mata wanki. Wanda ya je bakin teku yakan yi mako yana kakkaɓe yashi, amma ko ƙwaya ban gani a safarta ba. Na ce, "Kin yi sallar ƙasaru a hanya?" Ta ce, "A'a Inna, ai ba nisa," sannan ta kama bakinta. Yaya, daga nan zuwa Iskandariyya tafiyar awa uku ce.

Na san zato zunubi ne, ina ta istigfari, amma amana kika ba ni. Na ce mata ranar Asabar tare za mu, ni ma ina son ganin tekun. Har yanzu ba ta ce tamam ba, wato "to" ɗin mutanen nan.

Ki sa mu a addu'a, kada Malam ya ji tukuna. A gaida Baba da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Saudatu