Washa a Bayan Injin

Asabar, 8 ga Maris

Na cire murfin injin ƙaramin jirgina na sama domin in canza mai, sai na ga abin da ba ni na sa ba: washa, wato zobban ƙarfe, masu kauri a bayan ƙafafun injin na hagu. An karkatar da hancinsa zuwa dama, kaɗan ƙwarai, yadda ido ba zai kama ba. Da hannuna na gina jirgin nan bayan na bar koyar da lissafi, kuma a miƙe na ɗaura injinsa da gangan. Farfela kan ja jirgi hagu lokacin tashi, matuƙi ya taka fedar dama ya miƙar da shi. Aikin ƙafa ne, ban taɓa neman ƙarfe ya yi mini shi ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Noel Tierney ne ya sa su. Rumfa ɗaya muke ajiye jiragenmu tun mijina na da rai. Na same shi yana gasa nama a ƙofar kulob ɗinmu na matuƙa, bai ko yi ƙoƙarin musu ba. "Tun da aka yi miki aiki a ƙugu suke nan, Malama. Ƙafar taki ba ta kai bakinki ƙarfi ba." Na tuna masa cewa a filin nan ko ƙura ba a goge wa jirgin wani sai da izini. Ya ce, "Da na tambaya, me za ki ce?" Na ce a'a. "To, kin gani. Karɓi nama ki ci, kafin ki cinye ni."

Ban karɓa ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ashe kowa ya sani. Lorraine, 'yar da na haifa, ita ta roƙe shi. Ta faɗa mini a waya: "Mama, ko washa, ko in gaya wa likita ya hana ki tashi. Na zaɓi mai sauƙin." Wata da watanni 'yan kulob suna jingine da shinge suna cewa, "Dubi Merle, a shekarunta, tana tashi a miƙe kamar an ja mata zare." Ni kuwa ina ɗaga musu hannu. Ɗaga hannun nan shi ya hana ni sakat.

Alhamis, 13 ga Maris

Na cire su.

Asabar, 15 ga Maris

Safiya ba iska. Na ba shi wuta, wutsiya ta ɗaga, hanci ya nufi hagu. Na taka fedar dama. Na taka da duk abin da ke jikina, ƙugu ya ƙi. Na kashe wuta, na tsaya cikin ciyawa, bakin fiffike dab da shingen tumakin maƙwabcinmu Pruitt. Noel na wajen tankin mai. Ya juya baya yana naɗe tiyo, wai bai ga komai ba. Wannan karar da ya yi mini ma ban yafe masa ba.

Litinin, 17 ga Maris

Lorraine ta kira. Ban ɗauka ba, ina da aikin lambu.

Juma'a, 21 ga Maris

Aikin Noel ba shi da tsabta, da ido ya yi shi, kamar mai rataya ƙofar kejin kaji. Na ja zare daga wutsiya zuwa hanci, na yi lissafi, na ga karkatar tasa ta gaza, don haka na sa washa na kaina, masu ɗan fin nasa kauri. Gyaran kuskurensa ne, ba wani abu ba. Shi ya riƙe nauyin injin ina ɗaure noti. Ban yi masa magana ba, sai dai na ce ya miƙo sifana.