Nauyin Sama'ilu

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Kwana arba'in da uku da rasuwar Baban Uwa. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa. Sai ni da Uwa a goye, sai yayata Adda da ta baro gidanta a Kazaure ta zo Roni taya ni zaman takaba. Yau ta karɓo mini wayarsa daga wajen mai gyara. Gilashin ne kawai ya tsage ranar da babur ya kife da shi a hanyar Gwiwa. Waya ta tsira, mai waya bai tsira ba. Astagfirullah.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na buɗe wasan nan nasa da muka sha yin faɗa a kansa. In ajiye masa tuwo, ya ce, "Nafisat, bari in ba Sama'ilu nasa tukuna," har miya ta yi sanyi. Sama'ilu shi ne mutumin cikin wasan, shi ya laƙaba masa sunan. Mutum ɗaya tal a wani daji mai ƙanƙara, ba gari ba kowa. Kai za ka nemo masa abinci, ka hura masa wuta. In ya mutu ya mutu ke nan, sai dai a fara da sabon mutum. Baban Uwa ya raya shi kwana ɗari biyu da sha biyu.

Na same shi tsaye a ƙofar bukka da gatari a hannu, daidai inda aka bar shi. Bai san kome ba.

A gefe akwai ma'auni: kilo 58. Kumatu a loɓe, wuya kamar mariƙin lema. Ashe har a waya ramamme ya ajiye. Sai maganar Inna, mahaifiyarsa, ta faɗo mini, wadda take yi a gaban kowa: "Tun da Jalaluddeen ya yi aure ban ga ya ƙara ko tsoka ɗaya ba." Shekara uku tana ci mini rai. Ina dafawa, shi ne ba ya ci.

Talata, 16 ga Yuli

Awo. Lalura ce, don haka na fita, Adda na gefena. Uwa ta cika wata biyar, kilo shida da ɗigo ɗaya. Wancan watan ma haka take. Sista Monica ta dubi katin, ta dube ni. "Maman Uwa, ke kina cin abinci kuwa?" Na ce ina ci.

Ba na ci. Loma biyu, sai in ture kwanon.

Laraba, 24 ga Yuli

Na fara gane kan wasan. Kwana biyu ina ba Sama'ilu naman zomo zalla, cikinsa a cike amma ma'auni na sauka. Ashe zomo ba kitse. Sai an haɗa masa da kifi mai mai, da waken gwangwani, da zuma. Ganye kuwa ko buhu ya ci ba ya zama a jikinsa. A cikin bukkar na tarar da akwati shaƙe da kitse da zuma, Baban Uwa ya tara bai taɓa ba. Rowa har ga ɗan waya! Na dinga ɗura masa. Kilo 66, fuska ta fara cikowa.

Na yi dariya ni kaɗai, ta farko tun ranar. Adda ta leƙo ta ga ko lafiya, ta ga kunun kanwar da ta dama mini tun safe ya yi fata a kofi. Ta ɗauke.

Asabar, 27 ga Yuli

Uwa ta kama nono ta saki, ta kama ta saki, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Talata, 30 ga Yuli

Biyar da ɗigo tara. Layin da ke katin ya karkato ƙasa. Sista Monica ba ta yi mini murmushi ba yau. Ta ce jikina ne ya gaji, in ban ci na sha ba yarinyar ce za ta biya. In dawo bayan sati biyu, in ya ƙara sauka gado za a ba mu.

A hanya Adda ta ce, "Shi ya tafi, Allah ya jiƙansa. Wannan kuma so kike ki bi shi da ita?" Na ji zafin maganar har ƙashina. Da muka iso gida na shige ɗaki na ba Sama'ilu zuma.

Lahadi, 4 ga Agusta

Kilo 81. Ya yi kyau, wallahi. Riga ta cika, wuya ya yi kauri, haka na so in ga wani. Wasan ya fito da wani jan rubutu wai nauyi ya yi yawa, gudu zai ragu. Na share. Su Turawan da suka ƙera shi me suka sani? A wajenmu in namiji ya yi ƙiba matarsa ake yaba wa.

Inna ta aiko da fura da nono daga Gwiwa. Na so a ce ita ce ta zo, in nuna mata. Sai kuma na ji kunyar kaina. In nuna mata me?

Talata, 13 ga Agusta

Biyar da ɗigo takwas. Na roƙi Sista ta ƙara mana sati biyu. Ta yarda da ƙyar, ta ce na ƙarshe ke nan. Da ta miƙo mini Uwa daga kan ma'auni sai na ji ba ta da nauyi a hannuna, kamar na ɗauki zani. Tsoro ya kama ni.

Sama'ilu 93.

Alhamis, 15 ga Agusta

Ya mutu.

Juma'a, 16 ga Agusta

Bari in rubuta, ko zai bar ƙirjina. Jiya da hantsi ana yayyafi, itace ya ƙare a bukka, na fitar da Sama'ilu bakin rafi. Sai ga kyarkeci. Na sha ganin Baban Uwa yana tsere wa irinsa, har yana yi masa tsiya: "Sai dai ka ci ƙura." Na danna gudu. Taku goma bai cika ba numfashi ya ƙare, ya tsaya yana haki, ga bukka ana hango ta. Na danna, na danna, har yatsana ya yi zafi. Allon ya yi duhu, aka rubuta kwana 247.

Ashe ba rowa ba ce. Da gangan ya bar shi siriri don ya iya gudu, kitsen kuma ajiyar ranar tsanani ce. Ya san abin da yake yi. Ni ce na zo da haushin Inna na kashe masa mutum da abinci.

Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawa. Adda ta shigo da Uwa a kafaɗa, ta ɗauka wani ne ya rasu. Da ta ji, ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Wata guda kina kiwon na cikin waya. Ga mai rai nan, jininsa." Ta ɗora mini ita a cinya ta fita.

Hannun Uwa duk fata. Yatsunta irin nasa ne, dogaye. Yaushe rabon da in dube ta sosai?

Talata, 20 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ba abin rubutawa. Kunu ba daɗi.

Talata, 27 ga Agusta

Shida cif. Sista Monica ta ce a sake ɗora ta, aka sake, shida. Ta ce ba a warke ba tukuna, amma ba maganar gado. Ta tambayi me ya canza, na ce ba kome.

Kuma ba kome ɗin ne. Har yanzu ba na jin yunwa. Adda ce take ajiye kwano kusa da hannuna, ni kuma ba na son almubazzaranci. Kunun gyada da safe, fura da rana, jiya har na ce miyar kukar ta yi gishiri, ta harare ni tana ɓoye fuska.

Wasan yana nan yana tambaya ko za a fara da sabon mutum. Ban taɓa ba. Wayar tana ƙarƙashin akwati, ina jin cajin ma ya ƙare.

Ɗazu da na sauke Uwa daga baya, kafaɗata ta yi tsami.