Ƙyastu ga Manu, Tukunya ga Illa

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai. Ni ce Baiwa, matar marigayi Attaher mai jakuna, a nan Matameye. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama, amma hankalina yana nan daram. Kada wani ya ce zafin ciwo ne ya sa ni wannan magana. Malam Muntaka shaida ne, haka ma matarsa Sa'a, wadda ta koya mini riƙon alƙalami bayan furfura ta cika mini kai. Rubutun a karkace yake. Ku karɓe shi haka.

Illa, Manu, Balki, 'ya'yana, da ku nake.

Kun ɓoye mini, amma na ji. Da an gama yankan gero za ku sake kora jakuna zuwa kogin Haɗeja, ku shiga kwalekwale ku gangara fadama sayen bandar kifi, a ruwan da ya cinye yayanku. Illa da nasa mutane, Manu da nasa, tun da ko gaisuwa ba ta haɗa ku. Ba ni da ƙafar da zan tare muku ƙofa. Don haka ku saurara. Gado dai Allah ya riga ya raba shi, malam zai bi ƙa'ida. Abin da zan ambata a nan kyauta ce, na bayar tun ina numfashi.

Na ɗaya. Illa, ka daina cewa Manu ne ya kashe yayanku. Gaskiya ne shi ya kafa turke cikin yashi ya ɗaure jirgin. To, wa ya taɓa gaya masa ba a yin haka? Kai da kake kwance kusa da shi, ka san da haka?

A bakin wannan kogi aka haife ni, ubana matuƙin jirgi ne, aure ya kawo ni nan. Ku mutanen Matameye ruwanku tafki ne. Tafki ba ya ƙaruwa sai hadari ya haɗu a kanku, shi ya sa in za ku kwanta sai ku ɗaga kai ku dubi sama. Kogi ba ya shawara da samanku. Ruwan da ya zuba a ƙasar Kano tun tuni, shi ne yake isowa yana rarrafe, alhali sama garau take.

Na san wannan tun ina yarinya. Amma yayanku ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaunar da shi ta yi masa magana ido da ido. Haka aka raine ni, haka na kiyaye. Sai na kira baffanku Rabi'u, jagoran tafiyar, na durƙusa na zayyana masa komai don ya isar. Ya yi dariya. Wai tsoron mata ne, wai shi da ya taka Agadas ba kogi ne zai ba shi tsoro ba. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ƙi ɗaukar ɗan gari ya tuƙa ku. Da hannunsa ya nuna muku farin yashi a gefen ruwa, don ya fi daɗin kwanciya. Ruwa ya taso, turke ya tumɓuke, jirgi ya tafi da kaya, yayanku ya bi shi da iyon tafki.

An ce mai barin duniya ya yafe. Ina ƙoƙari, Allah ya sani, har yanzu ban iya ba. Ku gaishe da Rabi'u, ƙanin ubanku ne. Amma kada ya ƙara yi muku jagora, ko zuwa rijiya ne.

Na biyu, wurin kwana. Ku ɗauki mutumin kogi ya shiga jirginku, ku ji maganarsa ko da ya fi ku ƙuruciya. Ku tsaya tun la'asar, da sauran rana. Ku dubi jikin itatuwa: inda laka ta bar zane, inda busasshiyar ciyawa ta maƙale a reshe, can ruwa ya taɓa kaiwa. Sama da nan za ku shimfiɗa tabarma, ko da ƙaya, ko da cinnaka. Jirgi kuwa a jikin itace mai rai ake ɗaure shi, gaba da baya, a bar wa igiya sarari, don in ruwa ya ɗaga jirgin kada ta ja bakinsa ƙasa. Ku sauke kaya duka ku kai tudu, komai gajiya. Da isarku ku soka kara daidai bakin ruwa, bayan cin abinci ku je ku duba shi. In ruwa ya wuce karan, ku ƙara hawa. Inda kuka ga ciyawa a tattake kamar an ja gungume, hanyar dorina ce, ku ba ta wuri. Kada ku fede kifi ko ku wanke kwano kusa da makwancinku, ƙarni yana kiran kada.

In kuma duk da haka jirgi ya tsinke, ku bar shi ya tafi. Ku bar shi! Itace ne. Ban ɗauki cikinku wata da watanni don ku bi itace ku mutu ba.

Na uku, kaya. Kwalekwale ba jaki ba ne, kada ku jibga masa kaya sama. Mai nauyi a ƙasa, a tsakiya. Kowa ya riƙe babban gora kusa da shi, a toshe, wanda zai rungume in jirgi ya kife. Ku tafi da ƙoƙon kwarfe ruwa, da gatari, da filafilin tuƙi na biyu, don na farko yana karyewa. Gwado da tufafin canji a naɗe su cikin fata. Kuma ku tuɓe babbar riga kafin ku shiga. Na san ku, kuna son mutanen kogi su ga fataken Damagaram. Riga in ta sha ruwa dutse ce. Wadda yayanku ya kwana da ita, ni na kaɗa zarenta.

Na huɗu, abinci. Illa da Manu, duk cikinku babu wanda ya taɓa tuƙa tuwo, kun girma ana ajiye muku akushi. Balki za ta haɗa muku garin gero, da kuka, da daddawa, da barkono, da gishirin manda, da ƙuliƙuli don rana. Bakin kogi babu duwatsun murhu, sai ku haƙa ɗan rami ku jera curin laka uku. Busasshen itace tun da rana ake tsintarsa a saka a jirgi, don na wurin kwana jiƙaƙƙe ne. Ruwan girki kada ku kamfata daga kogi. Ku tona yashi nesa kaɗan da gaɓa, ku jira ya tsatso ya kwanta. Idan ya tafasa ku dama gari da ruwan sanyi ku zuba, ku bar shi ya dahu, sannan ku riƙa barbaɗa sauran garin kuna tuƙawa. Mai gaggawa gudaji yake ci. Ku gama kafin magariba, don sauron fadama ba irin namu ba ne. Bayan nan ku rufe garwashi da ɗanyen ganye, ku kwanta ta inda hayaƙi ke bi. Ragowar tuwo ku rufe ta, ita ce ɗumamen safe.

Na biyar. Manu, na ba ka ƙyastun ubana na kunna wuta, da ƙanƙararsa, da tandun da ake adana audugar kama wuta. A wuya ake rataye shi, ba a barinsa cikin kaya. Illa, na ba ka baƙar tukunyata da muciya. Jirgi ɗaya za ku shiga. Ɗaya yana da wuta ba tukunya, ɗaya yana da tukunya ba wuta. Na sani sarai ana sayar da duka biyun a kasuwa, ba wawiya ba ce ni. Wanda ya saya ko ya ara don ya guje wa ɗan'uwansa, ya san ya taka maganar uwarsa tana kabari. Ba na roƙonku ku yi hira. Ku yi shiru in kun ga dama, amma hannuwanku su haɗu a kwano ɗaya.

Na shida. Balki, igiyoyin rama da muka tufka tare na jirgin ne, ki ba su. Allo da tawada na Sa'a ne, ki mayar mata, ki yi mata godiya. Wannan takarda a hannunki za ta zauna. Ranar da za su ɗaura wa jakuna kaya, ki kira Malam Muntaka ya karanta ta da ƙarfi a ƙofar gida, Rabi'u ma ya ji. Kuma in Allah ya ba ki ɗan fari, ki yi masa kunya yadda aka saba, ba na hana ki. Amma ranar da kika ga ya nufi halaka, ki kama hannunsa ki faɗa masa da bakinki. Kada ki aika kowa.

Ku riƙe juna. Ku uku kuka rage mini, ba na son a ce saura biyu. Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku a jere. Allah ya jiƙan ubanku. Allah ya jiƙan wanda ba shi da kabarin da za ku ziyarta. Bakina bai taɓa kiran sunansa ba, ko ranar da zai tafi. Yau hannuna ya koya, bari in kira shi sau ɗaya.

Isufu.