Muryar Inna a Kaset ɗin Baba

Utako, Abuja

Yaya Lantana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ciwon gwiwar?

Kaset ɗin marigayi Baba ya iso, kuma tun da na karɓo shi a tasha na kasa zama wuri ɗaya. Kin san aikina, koya wa ma'aikatan gidajen tarihi juye tsoffin abubuwa cikin kwamfuta, kowanne da sunansa da garinsa, don mai nema ya samu. To, na juye shi. Baba yana bayanin haɗa shuni da toka a karofi, wurin rini, sai ga muryar marigayiya Inna can bayansa! Tana korar kaji, tana faɗa, tana dariyar nan tata. Wallahi sai da na fita waje na yi kuka. Matar da ko hotonta ba mu da shi, yau ga muryarta.

Ana gama juyewa rediyo ya cinye zaren, ya yi kaca-kaca da shi, amma komai yana cikin kwamfuta. Gobe ɗalibaina za su gwada aiki a kansa, sannan in turo miki. Ki tanadi hankici.

Ƙanwarki,
Ikilima

Utako, Abuja

Yaya Lantana,

Bayan gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Na ga kiranki, kasa ɗauka na yi.

Akwai wani ɗalibina Leonard, bawan Allah mai ƙwazon tsiya. Na koya musu share hayaniya daga tsohuwar magana, sai aka kira ni taro Bwari, na fita a gurguje ban ajiye kwafi ba. Shi kuwa ya zauna ya share kaji, ya share ƙarar turmi, ya share Inna. Ya adana a kan na asali, na asalin ya goge.

Babu inda ban kai kwamfutar nan ba, kowa sai ya girgiza kai. In zauna, in tashi, in sake kunnawa, ko tarinta ban samu ba. Haushi kamar ya kashe ni, kuma wa zan yi wa faɗa? Abin da na koya masa ya yi.

Jiya ogan ofishinmu ya kunna wa baƙi aikin Leonard, aka yi ta tafi. Baba yana magana tas, shi kaɗai, kamar bai taɓa aure ba.

Ki yafe mini, Yaya. Ni na ji ta, ke ba ki ji ba.

Taki,
Ikilima