Tsiren Gambo ya shiga tsakanina da matata

Hajiya Kaltume, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni da shawara. Maganar ƙarama ce a ido, amma ta hana gidana daɗi. Ki yi haƙuri da Hausata, ta Zangon Kumasi ce.

Ni mutumin Ghana ne, ina koyar da lissafi a wata sakandare a nan Kaduna, shekara tara ke nan. Da na zo ban san kowa ba. In an tashi makaranta sai in yi ta yawo a ƙafa, don ɗakina ya cika shiru, har wata rana ƙamshi ya kai ni tukubar wani mai tsire a Hayin Banki, sunansa Gambo. Mu ma muna da namu a gida, amma ban taɓa cin mai ƙuli da yaji irin nasa ba. Tun ranar bencinsa ya zama wurin zamana bayan la'asar. Can na san bambancin tsire da balangu. Shekarar da aka ce baƙi su koma ƙasashensu, takarduna cikakku ne, amma tsoro ya hana ni fita kwana huɗu. Gambo ne ya bar tukubarsa ya nemo ɗakina, ya kawo mini nama, ya zauna da ni.

Ran Asabar kuma nakan je wani gidan abinci a Kawo in ci waina da miyar taushe, wani lokaci farfesun kayan ciki.

Bara na auri Saratu, 'yar wani ma'aikacin gwamnati a Malali. Mace ce mai kirki, kuma wallahi ta iya girki. Amma in na dawo rigata na warin hayaƙi, sai ta ɗauke kwanon tuwo. Kwanan baya yayarta Zuwaira ta gaya mini matan unguwa suna cewa amarya ba ta iya miya ba, shi ya sa miji ke ci a titi. Na so in gyara, na ce ta shirya in kai ta gidan abincin mu ci tare kamar yadda ake yi a wurinmu. Sai ta fashe da kuka, wai so nake a gan ta tana ci a gaban maza. Yau kwana goma ban leƙa Gambo ba, har ya aiko yana tambayar ko lafiya. Gidan ma bai koma daidai ba. Yaya zan yi?

Baƙon Unguwar Kanawa

Wa alaikumus salam, Malam.

Ba ka yi laifi ba don kana son tsire, kuma mutumin da ya neme ka ranar tsoro ba a yar da shi. Amma Saratu ma ba rigima take nema ba. A nan, magidanci ya dawo a ƙoshe ya bar tuwon amarya, magana ce, kuma ita ake yi wa, ba kai ba.

Ina zargin ba ka taɓa ba ta labarin kwana huɗun nan ba. Ita nama kawai take gani. Ka zaunar da ita ka gaya mata yadda ka rubuto mini.

Sannan ka koma wurin Gambo gobe, ka gaishe shi, ka faɗa masa gaskiya. Ya fi ka sanin al'adar garin. Ka mai da zuwan sau biyu a mako. Ka yi hirarka, amma a naɗe maka naman ka kai gida ku ci tare bayan tuwo. Maganar gidan abinci kuwa ka ajiye ta. Ka tafi da kwano a zubo muku, har da na Zuwaira. In wata rana Saratu ta nemi zuwa da kanta, to. In ba ta nema ba, kada ka sake tayarwa.

Matan unguwa za su gaji su kama wani zance. Kai dai ka riƙa isa gida da yunwarka. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya ta gari.

Hajiya Kaltume