Ba'indiyen da Ke Cikin Wayar

Mamana,

Kin koma barci bayan asuba, ban so in tashe ki ba. Baffanki Ilu yana Ƙofar Dukawuya da mota, sai kirana yake, za mu Wudil sayen fata, sai magariba.

Wayar da na ƙwace jiya tana ƙarƙashin dardumata. Ɗauki abarki.

Da na jiyo muryar Ba'indiye daga ɗakinku, raina ya ɓaci. Na ce jarrabawa saura kwana uku, ke kuma kina kallon fim. Kin buɗe baki za ki yi bayani, na daka miki tsawa gaban ƙannenki. Yau da na dawo daga masallaci na kasa zama, na ce bari in ga fim ɗin da ya fi karatu. Ashe wani malami ne tsaye gaban allo yana koyar da lissafi, ba waƙa ba rawa. Na buɗe bidiyo har goma sha bakwai, duk haka suke. Ko koko ban iya sha ba don kunya.

Ki yafe mini. Na sa miki data, kada ki yi tsimi.

Wanda kika tsaya a tsakiyarsa, na raba manyan lambobi, sau biyu na kalle shi. A daidai nan lissafi ya kayar da ni a aji biyar, kuma har yanzu ban gane inda yake samo sifilin nan ba.

Idan na dawo ki tara ƙannenki. A gabansu na yi miki tsawa, a gabansu za ki koya mini.

Abbanki